Babi na Biyar: A-kori-kura Ta Koma Gidan Masu Kuɗi

Wayar ta bi ta hannu huɗu kafin ta iso wurin tsohon. Muna zaune ne a bencin mai shayi a Sheme, gefen kwaltar da ta taso daga Funtuwa ta nufi Gusau, da hantsi, muna jiran mota ta cika. Mai wayar saurayi ne da ke karatu a Zariya, irin yaran nan da suka haddace sunan kowace mota da shekarar da aka ƙera ta, alhali ko keke ba su ajiye ba. Bidiyon wata a-kori-kura ta Amurka yake nunawa, Ford F-150, baƙa wuluk, kujerunta na fata, da allon talabijin a gaban direba, har da kujerar da ke yi wa mutum tausa yana tuƙi.

Tsohon, wanda ya ce ya fara karen mota tun zamanin Gowon, ya kawo wayar kusa da ido, ya mayar da ita nesa, sannan ya ce, "Yaro, buhu nawa take ɗauka?"

"Baba, ai ba don buhu aka yi ta ba."

"To don me aka yi mata bodi a baya?"

Aka kwashe da dariya, har mai shayi ya kusa ɓarar da ruwan zafi. Saurayin ya shiga bayanin ƙarfin inji da gudun da take yi, amma ba wanda ya ƙara saurarensa. Ni kuwa tambayar nan ta tsaya mini a rai, domin duk gardamar mota da na sha ji a majalisun Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, idan aka tace ta, a kan wannan gaɓa take tsayawa: wa aka ƙera wa motar, kuma wa ya ƙare da ita?

Akwai lokacin da amsar ba ta da wuya. A shekarar 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, cikin Kaduna, tafiyar 'yan sa'o'i daga nan. Fijo 404 da 504 suka cika Arewa. Ma'aikacin gwamnati ya ci bashin mota ya sayi salun, direban haya ya sayi wagon, ɗan kasuwar ƙauye kuwa ya sayi a-kori-kura, ya sa aka ɗaura mata ƙarafa da tamfol. Ita ce motar cin kasuwa. Ranar kasuwar Ɗandume sai ka gan ta tafe tana rangaji, buhunan masara a ƙasa, mutane a kan buhuna, kaji a hannun mutane, karen mota kuma ya maƙale a baya da ƙafa ɗaya. Idan lodi ya yi mata yawa, ba a rage lodi, sai a je gareji a ƙara mata sifirin. Idan ta mutu a daji, direba ya kwance kafireto, ya hura da baki, ya goge filogi da gefen rigarsa, a tura ta, ta tashi. Kayan gyaranta kuwa har a shagon ƙauye ana samu.

Ba Peugeot kaɗai ba ce a wancan zamani. Volkswagen na Legas, Steyr na Bauchi, manyan motocin Fiat na Kano, Mercedes na Inugu, Leyland na Ibadan. Ƙasar nan tamu kuma tana da abin ɗauka. Tun zamanin Turawa akwai gonar irin auduga a Daudawa, akwai injin gurzar auduga a Funtuwa, jirgin ƙasa kuma ya ratsa ta nan har Ƙauran Namoda tun 1929. Aikin a-kori-kura shi ne ta shiga inda jirgi da gingimari ba sa shiga, ta kwaso daga bakin gona ta kawo bakin titi. Ba wanda ya taɓa kallonta da sunan motar gayu. Mai kuɗi ma idan ya saye ta, yaransa yake bai wa, shi ya shiga salun.

Daga tsakiyar shekarun 1980, da aka karya darajar Naira, sabuwar mota ta fara fin ƙarfin ma'aikaci. Kamfanonin nan suka dinga durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Na Kaduna ya fi sauran tsawon rai, ya ci gaba da fitar da 504 shekaru da yawa bayan an daina yin ta a Faransa, ya yi 406, har gwamnati ta sayar da kasonta a 2006. Amma kafin nan kasuwa ta riga ta juya fuska zuwa Kwatano. Motar da Bature ya hau ya gaji da ita, ita ce ta zama sabuwarmu. Aka raɗa mata Beljiyam, ko 'yar Kwatano, ana sauke ta a tashar jirgin ruwa ta Binin, ta biyo ta Nijar, ta faɗo ta Maraɗi da Jibiya, wani lokaci da takardun kwastan, wani lokaci da addu'a kawai.

Tun daga nan muka zama magada. Ka tsaya a tashar Ƙanƙara ko ta Funtuwa ka ƙirga abin da ke lodi. Golf 3, wadda aka fara yi a Jamus a 1991 don ƙaramin iyali, a nan tana ɗaukar mutum huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba, but ɗinta a buɗe an ɗaure da igiya. Sharon, wato Volkswagen Sharan, motar kai yara makaranta ce a Turai, a nan ita ce motar dogon zango. J5 ta Peugeot, wadda aka daina ƙerawa tun farkon shekarun 1990, har gobe ita ke jigilar hatsi da tumatir da shanu. Babu ɗaya a cikinsu da injiniyan da ya zana ta ya taɓa jin sunan Sabuwa. Mu ne muka mayar da su abin da suka zama, da walda da ƙarin sifirin da dabarar bakanike.

Wadda labarinta ya fi ba ni dariya ita ce Pontiac Vibe. Kamfanin General Motors ya rufe sunan Pontiac gaba ɗaya a 2010, ma'aikatar da ke ƙera Vibe ɗin a Kalifoniya ma yanzu Tesla ce ke cikinta. A Amurka an yi jana'izar motar an share makoki. A Arewa kuwa sai ta samu sabuwar rayuwa, domin bakanikai sun buɗe gabanta sun tarar injin Toyota ne, ɗan'uwan na Corolla, ga ta da ɗan tsayi daga ƙasa, ga wurin zuba kaya. Malamin makaranta da ɗan kasuwa da ma'aikacin asibiti duk suka yi mata caa. Kyan mota a wurinmu ba ya rasa nasaba da yawan bakanikan da suka san cikinta.

Shi ya sa nake cewa gardamar samarin nan masu waya ba zancen banza ba ce, ko da yake su kansu ba su san nauyinta ba. Abin da kamfani ya yanke yau a Detroit ko Wolfsburg ko Japan, bayan shekara goma ko goma sha biyar zai sauka a garejin Funtuwa. A 2018 Ford ya sanar da cewa zai daina yin kusan dukkan ƙananan motocinsa na salun don kasuwar Amurka, ya mayar da hankali kan jif da a-kori-kura. Volkswagen ya daina Sharan a 2022, Ford ya daina Galaxy a 2023. Toyota ya daina Avalon a Amurka, sabuwar Camry ta can kuma daga samfurin 2025 babu wadda ba ta haɗa fetur da batir ba. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari rami ce da aka haƙa a gaban direban haya na gobe. In Sharon ta ƙare a Turai, me zai yi lodin mutum tara zuwa Kaduna? Ba a tambaye shi ba, ba kuma za a tambaye shi ba, domin kamfani mai sayen sabuwa yake saurare, ba mai sayen ta hannu na uku ba.

Mai sayen sabuwa a Amurka kuwa a-kori-kura yake so, amma ba irin ta tsohon Sheme ba. Jerin F na kamfanin Ford ya shafe fiye da shekara 40 yana kan gaba a ciniki a can. Da kamfanoni suka lura cewa mafi yawan masu saye ba gona suke zuwa ba, ofis suke zuwa, sai suka dinga faɗaɗa ɗakin zama suna rage bodi, suka sa ƙofa huɗu, suka shimfiɗa fata, suka ƙara farashi. Manyan samfuran suna haura dala dubu 70. Ribar da ake samu a kan guda ɗaya ta ninka ta ƙaramar mota, to wa zai tsaya ƙera ƙarama? Ba kowane gwaji ne ya ci ba, gaskiya. Lincoln ya taɓa fitar da wata mai suna Blackwood wadda har cikin bodinta aka shimfiɗa kafet, shekara ɗaya ta yi a kasuwar Amurka aka janye ta. Mercedes ma ya gwada da X-Class a 2017, mutane suka leƙa ƙasanta suka ga Nissan Navara ce aka yi wa kwalliya, zuwa 2020 ta bi ruwa. Duk da haka alƙibla ba ta canja ba. Motar lebura ta sa babbar riga, kuma ba ta da niyyar tuɓewa.

A nan gida rigar ta zo ne a jikin Hilux. Toyota ya fara yin ta a 1968, kuma asalinta motar wahala ce kamar Fijo. Sunan da ta yi a Afirka ma a fagen fama ta yi shi: a 1987 dakarun Chadi suka kori sojojin Libiya masu tankoki daga arewacin ƙasarsu da ɗaruruwan a-kori-kurar Toyota, har aka sa wa yaƙin sunan kamfanin. Amma Hilux ɗin da ke shiga Faskari yau, fara, mai ƙofa huɗu, baƙin gilashi, ba ta zo ɗaukar masara ba. Idan ta tsaya a ƙofar gidan mai gari, tambaya biyu ce ke bakin mutane: jami'an tsaro ne ko 'yan siyasa? In ba su ba, to ɗan kwangila ne ko ma'aikacin wata ƙungiyar agaji. Ka leƙa bodinta, ko dai ba komai, ko matasa ne a tsaye suna rakiyar maigida. A ayarin manya ma matsayinta a san shi: Land Cruiser ko Prado a tsakiya, Hilux a gaba da baya tana share hanya. A 2023, lokacin da talaka ke kukan tsadar mai, jaridu suka cika da labarin jif-jif da aka saya wa 'yan majalisar tarayya, ana cewa kowace ta kai Naira miliyan 160. A majalisun shayi ba a yi gardama kan ko ya dace ba, kowa ya san amsa. Abin da aka yi ta lissafi shi ne buhun taki nawa ne a cikin taya ɗaya.

Masu son mota na yankin nan, in ka zauna da su, ƙungiya-ƙungiya ne kamar magoya bayan ƙwallo. Mutanen Toyota su ne masu rinjaye, hujjarsu kuma ɗaya ce: Toyota kuɗi ce a ajiye, ranar da ka matsu dillali zai karɓa kafin la'asar. Mutanen Honda samari ne da waɗanda ba su yarda sun tsufa ba. Su suka san laƙaban Honda irin su Hala da Hennessey da EOD da Anaconda, kowace da zamaninta, kuma idan aka yi musu gorin cewa ƙafar Honda na ɓallewa a kan hanya, sai su ce laifin mai mota ne da ba ya duba ta. Akwai dattawan Fijo, waɗanda har yanzu suke rantsuwa cewa ba a sake yin mota mai daɗin zama kamar 406 ba, ni ma kuma a wannan ina tare da su. Sai 'yan tsirarun Marsandi, masu cewa wanda ya hau ta ba ya komawa baya, ko da yake bakanikensu ya fi matansu ganinsu. Da Toyota ya fitar da Land Cruiser 300 a 2021 ya cire injin V8 ya sa mai silinda shida da tobo biyu, an yi makonni ana jimami a majalisar da babu wanda zai iya sayen madubinta. Na tambayi wani me ya dame shi. Ya ce, "Malam, ai wata rana gare mu za ta zo. Tobo kuwa ba ta son baƙin man da muke zubawa." Na yi shiru, domin ya fi ni gaskiya.

Sai dai akwai abin da ya sa zancen motar gayu a Ƙanƙara ya bambanta da na Kano ko Abuja. A can ana sayen mota don a gani. A nan, shekarun da suka wuce sun koya wa mutane cewa wanda aka gani shi ake nema. Bayan daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, duniya ta ji abin da mutanen Faskari da Sabuwa da Ɗandume suka daɗe suna gani. A ƙarshen Agusta 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana sayar da fetur a jarka, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Bayan 'yan kwanaki aka katse layukan waya. Direban da ya saba yanke hanya sai ya koma zagaye ta Marabar Ƙanƙara da Funtuwa, mai ya ƙaru, kuɗin mota ya ƙaru, fasinja ya ragu.

A irin wannan hali mota mai sheƙi ba ado ba ce. Na san masu hali da suka bar jif ɗinsu a Katsina ko Kaduna, idan za su zo gida gaisuwa ko jana'iza sai su sa tsohuwar riga su shiga motar tasha, ko su ari wata kwarababbiyar Golf. Wani ya ce mini ya daina wanke motarsa da gangan. Baƙin gilashi da a birni ke nuna isa, a hanyar 'Yankara yana nuna cewa akwai wanda ya isa a biya masa fansa a ciki. Waɗanda ke cikin daji kuma ba su damu da Hilux ba, babur suke hawa, domin shi ke bi ta inda mota ba ta bi. Da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a Oktoban 2023, an raba musu Hilux, amma babura sun fi yawa nesa ba kusa ba. Manomi ma haka. Aikin da a-kori-kura ta yi wa kakansa, yau babur ɗin Boxer ke yi masa: buhu biyu a baya, ɗaya a kan tanki, shi kuma ya rasa wurin zama sai ya ɗosana. In kaya sun fi ƙarfin babur, a nemo Kanta ko J5, a haɗa kuɗi da maƙwabta.

Kasuwar kanta ta sha duka iri-iri. Daga farkon 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, a Agustan 2019 aka rufe iyakokin baki ɗaya, hanyar Kwatano ta zama ta masu ƙarfin hali. Sannan 2023 ta zo da guduma biyu. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a shekara ta gaba ta wuce 1,000. A watan Yuni aka saki Naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta kai 1,500 a 2024. Beljiyam ta zama ta masu kuɗi, talaka ya koma kan 'yar gida, wato wadda wani ɗan Najeriya ya riga ya sha romonta. Masu manyan injina suka rasa mai saye. Tambayar farko a bakin dillali ta tashi daga "wace shekara ce?" ta koma "yaya shan manta?" Har wanda ya sayi Corolla shekara biyar da suka wuce ya wayi gari motarsa ta ninka kuɗinta tana tsufa, abin da ya ƙara wa mutanen Toyota baki.

Ana ta maganar waɗanda za su cike gurbin. Motocin China, irin su GAC da Geely da Chery da Changan, sun shiga ma'aikatun gwamnati da kamfanoni, suna da kyan gani da araha idan aka gwada da na Japan. Innoson na Nnewi yana yin nasa. A Kaduna ma Peugeot ta dawo ta hannun haɗin gwiwar Ɗangote, har da a-kori-kura mai suna Landtrek, wadda a gaskiya tare da Changan na China aka zana ta. Na so in yi murna da wannan, jikar 504 ta dawo gida. Amma farashinta na gwamnati ne da manyan kamfanoni, ba na mai shagon hatsi a Sabuwa ba. Bakanikai kuma suna ɗari-ɗari. Motar yanzu idan ta yi tari sai an jona mata kwamfuta, kwamfutar kuma tana Funtuwa ko Zariya, wani lokaci sai Kano. Abin da ya fi kusa da tsohuwar a-kori-kura a duniya yau shi ne wata da Toyota ya fitar a Tailan a ƙarshen 2023, Hilux Champ, mai ƙofa biyu, ba fata ba ado, bayanta a shimfiɗe don mai saye ya gina abin da yake so. Manoman Asiya aka yi wa ita. Na nuna wa wani bakanike hotonta, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in Allah ya kai mu shekara goma sha biyar zai so ya ga cikin injinta.

A Sheme dai ranar nan, ɗan kamasho ya leƙo ya ce saura mutum ɗaya. Saurayin ya mayar da wayarsa aljihu, tsohon ya shanye sauran shayinsa ya miƙe da kyar. Golf ce, fentinta kala uku, an ɗora buhu biyu na waken suya a but an ɗaure da igiyar roba, bayanta ya kusa taɓa ƙasa. Aka ce tsohon ya shiga gaba saboda girma, saurayin kuma ya matsa kusa da giya. Direba ya ce a yi haƙuri a ɗan taɓa ta, batir ya yi sanyi. Muka fito mu uku muka tura, tsohon na ciki yana ba da umarni ta taga: "Sa ta a tu, yaro, a tu! Kada ka saki kuloci sai na ce."